Malam Halidu Mai Hannu Huɗu da Takardar Rijiyar Lalla

Ranar kasuwar Buza, cikin watan Safar na shekarar 1942, Arɗo Hamani ya jingine sandarsa bakin rumfar Malam Halidu marubuci, ya zauna gefen tabarma, sunka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Abin da ya kawo shi rijiya ce. Wani mai gari a yammacin Garhanga ya shinge burtalin da shanun Fulani ke bi zuwa Rijiyar Lalla, ya dasa albasa bisa hanyar, ga shi rani ya fara cizo.

Hamani ya ce, "Modibbo, takarda ukku munka aika bariki, ko tari ba a yi muna ba."

"Da wane hannu anka rubuta su?"

"Da na dama mana, akwai mai rubutu da hagu?"

"Arɗo, tsaya ga shanunka. Ni ina iya yi ma takardad da za ta hau teburin kumandan, shi ɗauke ta da hannunai shi karanta. Amma isarwa nika saidawa, ba shari'a ba."

Hamani ya yi alkawarin jar karsana ranar da takarda ta isa. Sunka tafa, anka shafa Fatiha. Wannan cinikin shi ne babban al'amari cikin rayuwar Malam Halidu, amma ba a gane shi sai an san mutumin tun daga tushe.

Haihuwa da asali

An haifi Malam Halidu a garin Urno ta ƙasar Madawa, a shekarar 1890 ta miladiyya, wadda ta yi daidai da 1307 ta Hijira, gwargwadon lissafin dattawan gidansu. Mahaifinsa Sidi baduku ne mai ɗinkin gafaka da layu, mahaifiyarsa Furera 'yar manoman gero ce ta garin nan. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai. Tun bai san baƙi ba ya san basilla, domin a rumfar mahaifinsa ya tashi, inda ake zana fata da tsinin ƙarfe ba tare da an huda ta ba.

Karatu da hannu biyu na farko

Ya yi saukar Alƙur'ani a Urno yana da shekara goma sha huɗu, sa'an nan mahaifinsa ya danƙa shi ga wani malami mai kwafin littattafai a ƙasar Sakkwato, ya zauna wurinsa shekara bakwai. Can ya koyi fiƙe alƙalamin gamba, da dafa tawadar bagaruwa da ƙaro, da jera layi a takarda ba tare da ya karkace ba. Can kuma ya sami hannunsa na farko, wato kufi, rubutu mai kauri mai zaman kansa, wanda kowane baƙi ke tsaye kamar dattijo a sahun gaba, kuma ba a yin komai da shi sai Alƙur'ani. Hannu na biyu shi ne jirge, siriri mai kwanciya gefe, mai gudu, na wasiƙa da shaidar aure da saƙon fatake.

Malamin nan mutum ne mai tsanani, kuma ƙa'ida ɗaya ya dasa wa almajiransa da bulala. Littafin da ake kwafa daga gare shi uwa ake ce masa, kuma mai kwafi ba ya gyara wa uwa. Abin da ido ya gani shi hannu zai sauke, ko da ɗigo ne da ƙuda ya bari. Halidu ya riƙe wannan ƙa'ida har kabarinsa, ta ci da shi, ta kuma kai shi inda bai yi niyya ba.

Aure da zaman Buza

Ya komo gida a 1911. Yunwar Kakalaba ta iske shi a Urno, ta ɗauke mahaifinsa da ƙannensa biyu. Bayan ta wuce, a 1915, ya auri Kaltuma 'yar limamin unguwarsu, wadda ita kaɗai ya zauna da ita har mutuwa. A 1921 ya kwashe iyalinsa ya koma Buza, saboda gari ne mai kasuwa, kuma inda kasuwa take nan ake bukatar wasiƙa. A nan ya sami hannu na uku, sharƙiyya, rubutun littattafan bugun gabas da fatake ke kawowa daga Kano. Ya dube su wata shida har ya iya, ya riƙa yi wa malamai kwafin fiƙihu da shi, don ba ya cin takarda, abin da kufi zai cinye shafi uku shi shafi ɗaya ya ishe shi.

Abin da ya raba shi da sauran marubuta ba kyan hannu kaɗai ba ne, sanin inda kowane hannu ke aiki ne. Yakan ce rubutu riga ne, ba a zuwa gona da ta Idi. A 1928 wani basarake na ƙasar Keita ya nemi ya rubuta masa takardar kiran masu gari da kufi, don ta yi kwarjini. Malam Halidu ya ƙi, basaraken ya ba wani malami ya rubuta. Takardun sunka isa ƙauyuka, masu gari sunka ga baƙi manya irin na Alƙur'ani, sunka yi alwala sunka karɓa da hannu biyu, wasu sunka kai wa dukawa anka ɗinke cikin fata anka rataya a rumbu. Ranar taro basaraken ya zauna shi da dogaransa har la'asar. Mako na gaba anka aiko wa Malam Halidu da doki ya je ya sake takardun da jirge, kowa ya zo.

Hannu na huɗu

A 1933, shekara biyu bayan farar da ta cinye gero, Malam Halidu ya je barikin Madawa neman takardar izinin tafiya. Kwana uku ya yi bakin biro, wato ofishin bariki, yana jiran layi, kuma ba a banza ya yi su ba. Ya lura akwai kwando ƙarƙashin teburin tafinta, duk takardar da anka rubuta da alƙalami nan take fara kwana, wata ma nan take tsufa. Amma takardar da ta fito daga mashin ɗin rubutu, gardi, wato dogarin bariki, kan ɗauke ta da gudu ya kai ciki, ba mai tsayar da ita. Ya gane ashe Nasara ma irin masu garin Keita ne, siffar baƙi suke fara dubawa kafin maganar da ke ciki.

Ya komo da takardarsa, ya bi tsofaffin sojoji da masu gari yana aron duk wata takardar bariki da ke hannunsu. Bai san Faransanci ba, bai kuma nemi ya sani ba. Baƙaƙen ya ɗauka kamar zanen fata, ya raɗa musu sunaye nasa: zobe, sanda mai ɗigo, mai ƙafa biyu, mai ƙafa uku. Ya ga kowane baƙi, babba ko ƙarami, fili ɗaya yake ci, sai ya yi ma'auni da sili. Ya ga tawadar mashin tana da ruwan shuni, sai ya zuba baban rini cikin tasa. Ya juya takarda ya shafa bayanta ya ji mashin na cizon ta, sai ya dakushe basillar mahaifinsa ya riƙa bin kowane baƙi yana dannawa. Shekara biyu ya yi yana wannan tsakanin azahar da la'asar, don nishaɗi kawai, mutanen Buza na dariya suna ce masa Mai Hannu Huɗu.

A duk takardun da ya tara, mai ƙafa uku ƙafarsa ta tsakiya gajeruwa ce, zobe kuma cikinsa a cushe yake daga ƙasa. Haka ya gani, haka ya sauke. Mashin ɗaya ne a ƙasar baki ɗaya, ba shi da wata uwa da zai gwada da ita.

A 1938 ya fara rubuta Alƙur'ani na biyar a rayuwarsa, wanda ya yi niyyar ya bar wa masallacin Urno sadaka ga iyayensa. Yana izu na arba'in da ɗaya Arɗo Hamani ya zo.

Al'amarin rijiya

Rijiyar Lalla sunan kakar Hamani take ɗauke da shi, domin a zamaninta danginsu sunka biya anka gina ta. Mai garin da ya shinge hanyarta ba za a faɗi sunansa ba, jikokinsa na nan da rai. Yana da siriki cikin masu hidimar tafinta, shi ya sa takardu uku sunka kwanta a kwando. In ba a buɗe burtali ba kafin bazara, Fulanin gida goma sha ɗaya sai su bar ƙasar, kuma iyakar ƙasar Ingilishi ta kudu a rufe take saboda yaƙi.

Malam Halidu ya nemo Sarsan Yaro, tsohon sojan Faransi da ya koyi rubutu a soja, wanda hannunsa kamar kaji sun yi tono. Sarsan ya tsara maganar da Faransanci, sa'an nan ya zauna yana nuna wa Malam baƙi ɗaya ɗaya da tsinke cikin tsofaffin takardu, shi kuwa yana saukewa. Kwana tara sunka yi bisa shafi ɗaya. Hamani ya nace a sa yawan shanun da ke shan rijiyar, don Nasara ya san ba wasa ba ne. Malam ya ce masa Bafillace ba ya ƙirga shanunsa gaban baƙo, Hamani ya ce ƙishirwa ba ta san al'ada ba. Anka sa.

Sarsan ya cusa takardar cikin jakar wasiƙun da ke zuwa Madawa. Ta tsallake kwando, ta hau tebur, kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, ya karanta. Ya aika gum biyu, wato sojojin sintiri, bisa raƙuma sunka dubo, sunka iske shinge kamar yadda anka faɗa, ya ce a buɗe. Hamani ya koro jar karsana har ƙofar gidan Malam.

Kwana huɗu bayan haka kumandan ya sake ɗaukar takardar, idonsa ya faɗa bisa gurguwar ƙafa da cusasshen zobe. Ya san su kamar yadda mutum ya san tabon dokinsa. Mashin ɗin barikinsa ne, kuma mutum ɗaya ke taɓa shi, kumi Sani, akawun bariki, mutumin Tawa mai mata da 'ya'ya uku. Lokacin yaƙi ne, an hana buga ko harafi ɗaya ba da izini ba, don takardu na satar hanya suna shigowa daga kudu. Anka kulle Sani a kaso, wato kurkukun bariki, anka ce ya ci hanci ya buga wa Fulani takarda. Umurnin buɗe burtali kuma anka dakatar da shi, mai gari ya mai da ƙayarsa.

Sarsan Yaro ne ya kawo labari, da shawara a biye.

"Malam, ka yi kurum. Ba wanda ya san da mu. Karsana ta shigo gida, kai isarwa kas saida."

"Isarwa nis saida, ban saida ɗan mutane ba. Kuma mi anka ce, mashin yay yi ta?"

"Haka kumandan yac ce, har rantsuwa."

"To, kwana tara na sunkuyo, a ba ƙarhe lada?"

Kaltuma tana jin su daga bakin murhu, ta ce, "Malam, don yaron za ka tahi ko don a san kai na?"

"Duka biyu, Kaltuma. Jaki guda ka ɗaukar su."

Ta daka masa fura, ya ɗaura gafakarsa bisa jaki, ya kwana hanya, hantsi ya yi masa a Madawa.

Gaban kumandan

Tafinta ya so ya kore shi, amma Malam ya zauna bakin biro ya buɗe kayansa a fili har kumandan ya leƙo ya tambaya. Da anka fassara masa cewa wannan tsohon ya ce shi ya rubuta takardar da karan gamba, ya yi dariya ya ce a tambaye shi nawa dangin kumi sunka biya shi.

Malam ya ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni ruwa cikin ludayi, da takardag ga, da wata wadda ka tabbata ta mashin ta."

Anka kawo. Ya tsoma yatsa ya ɗiga bisa takardar mashin, ya goga, baƙi ya tsaya daram. Ya ɗiga bisa tasa, baƙin ya narke ya bi yatsa.

"Tawadarmu don a wanke a sha anka yi ta. Taku ba ta shayuwa."

Sa'an nan ya roƙi farar takarda, ya ɗora bisa gwiwa, ya jera ma'auninsa, ya sauke layin farko na takardar gaban idonsu, ya bi da basilla. Da ya gama ya miƙa ta. Kumandan ya ɗaga takardar wajen haske, ya juya bayanta ya shafa. Ya sa yatsa bisa mai ƙafa uku ya tambayi abin da ya sa ya gutsure masa ƙafa. Malam bai gane tambayar ba. Sai kumandan ya jawo wata jarida ya nuna masa baƙin nan da ƙafafunsa uku daidai wa daida, ya sa anka gaya masa mashin ɗin ne ya faɗi daga bayan raƙumi shekarun baya, haƙorinsa ya karye.

Malam ya daɗe yana duban jaridar, ya ce, "Ashe gurgu na. Shekara tara ina ba shi girma. To ba ni nik karya shi ba, hakanan na ishe shi ga uwa."

Ranar nan anka saki Sani. Cikin mako anka cire ƙaya, shanu sunka sauka Rijiyar Lalla.

Shekarun bariki

Ba a kai Malam Halidu kaso ba, abin da anka yi masa ya fi kaso tsawo. Yaƙi ya tsare jiragen ruwa, ƙyallen tawadar mashin ya ƙare, an gwada shafa masa tawadar gida ya riƙa damewa. Kumi in ya rubuta umurni da alƙalami, sarakuna sai su ja ƙafa, su ce ba su tabbata daga bariki ya fito ba. Kumandan ya ce tun da tsoho ya kwaikwayi mashin ba da izini ba, hukuncinsa ya zama mashin. Anka ba shi ɗaki bayan biro da mudun gero kullum. Sani na tsarawa, shi yana saukewa, tun hantsi har rana ta yi sanyi.

Daga 1942 zuwa ƙarshen 1944 kusan duk muhimmin umurnin da ya fita zuwa Buza da Urno da ƙauyukansu daga hannunsa ya fito, kuma ko ɗaya bai san abin da ke ciki ba sai in Sani ya gaya masa. Akwai na tara gero, akwai na kamun mutane aikin hanya. Akwai wadda Sani ya ƙi gaya masa sai bayan ta tafi: ta karɓar shanu don yaƙi, ɗaya cikin biyar, daga garken Arɗo Hamani, bisa lissafin da Hamani ya sa anka rubuta da bakinsa. Kumandan ya taɓa ce masa yanzu da ya sani ya gyara ƙafar baƙin nan. Malam ya ce in ya gyara, masu gari za su ce jabu ce. Anka bar ta gurguwa.

Da sabon mashin ya iso anka sallame shi da riga da takardar yabo, wadda ya duba ya ce hannun sabon bai kai na tsohon ba.

Ƙarshen rayuwa

Ya komo Buza a farkon 1945 idonsa ya yi hazo. Ya buɗe Alƙur'aninsa a izu na arba'in da ɗaya, ya fiƙe alƙalami mai faɗin baki, ya rubuta layi uku. Ya kira babban ɗansa Isufu ya duba masa. Isufu ya duba, ya gaya masa abin da ya gani. Baƙaƙen sun fito a tsuke, kowanne ya ci fili daidai da ɗan'uwansa, hannu ya saba da ma'aunin Nasara. Malam ya cire shafin ya wanke ya sha, ya naɗe sauran ya mai da gafaka. Ya ce Littafin Allah ba a ƙarasa shi da hannun lanho, wato harajin Nasara. Bai kuma yarda wani ya ƙarasa masa ba, don ba a gama hannu biyu cikin Alƙur'ani ɗaya.

Sauran shekarunsa ya yi su a rumfarsa yana koya wa manyan almajirai fiƙar alƙalami da lalube, yana gaya wa mai neman takarda hannun da ya dace da bukatarsa da wanda zai je wurinsa. Ido ya rufe gaba ɗaya a 1947. Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Alhamis cikin watan Rajab na 1368, wato Mayun 1949, bayan jinyar kwana shida, yana da shekara hamsin da tara. Limamin Buza ya yi masa salla, anka binne shi a maƙabartar gabas da gari. Fulanin Rijiyar Lalla sun zo, kumi Sani ya zo daga Madawa bisa doki. Ya bar matarsa Kaltuma da 'ya'ya biyar: Isufu, wanda ya gaji rumfa da hannu biyu cikin huɗu, da A'i, da Mairamu, da Sidi ƙarami, da Husaina, wadda 'yar'uwar tagwaicinta ta rasu tun suna goye. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

In an zo ga rabon riba da hasara cikin cinikin nan, mai gari ya rasa garkar albasa huɗu da girmansa. Tafinta an ɗauke masa kwando. Sani ya yi kwana goma sha ɗaya a kaso, ya fito ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya. Hamani ya rasa ɗaya cikin biyar na shanunsa ya sami ruwa, kuma ya ce bai faɗi ba, don rijiya na haifar shanu, shanu ba su haifar rijiya. Kumandan ne kaɗai ya ci bai zuba komai ba. Masallacin Urno ya yi hasarar Alƙur'ani, shi ne bai san ma an yi ciniki ba.

Malam Halidu kuwa, mutane sun ce ya ba da ido biyu da hannu ɗaya a kan karsana. Shi bai yarda da wannan lissafi ba. Wani baƙo ya taɓa yi masa jaje a rumfa, ya juyo da fuskarsa inda muryar take ya ce, "Jajen mi? Nasara ya ɗauko ƙarhe tun daga bayan teku, ƙarhe yag gaji, anka rasa mai tsaya mai duk ƙasag ga sai ɗan baduku na Urno. Kai je ka yi ma ƙarhen jaje."